Shekara Biyun da Baba Ya Ƙara

Shekara ashirin da takwas Akawu ya yi a ofishin rajista yana karɓar takardun masu neman aikin gwamnati, ya buga hatimi, ya hau da su bene. 'Ya'yan mutane nawa suka samu aiki ta hannunsa? Allah kaɗai ya sani. Shi kuwa bai taɓa roƙon alfarma ba, yana tattalinta saboda 'yarsa Auta. Darakta da bakinsa ya ce, "Ranar da ta gama karatu, kawo ta."

Ta gama, ta yi shekara biyar a gida ana jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata. Da aka tashi buɗewa, sai aka ce an daina karɓar takarda, komai ta intanet. Aka kwashe durowoyin rajista, aka jera kwamfutoci.

Ranar Talata suka zauna gaban ma'aikaciyar da ke cike wa mutane fom. Suna, makaranta, sakamako, duk na'ura ta haɗiye. Ana sa ranar haihuwa, sai ga jan rubutu.

"Baba, ta haura talatin," in ji ma'aikaciyar. "Talatin ce iyakar shekarun ɗauka, ba zai wuce ba."

"Wace irin talatin? Ashirin da tara gare ta! Ni na haife ta!"

"To, takardarta talatin da ɗaya ta nuna."

Nan ya tuna, ashe shi ya ƙara mata shekarun. Shekarar da uwarta ta rasu Auta tana da huɗu, ba mai riƙe ta in ya tafi aiki, makaranta kuma sai ɗan shekara shida take ɗauka. Ya je ya yi mata takardar haihuwa da ƙarin shekara biyu, ya riƙa ajiye ta a aji da safe, ya ɗauko ta da rana. Har alfahari yake da wannan dabara, bawan Allah.

Ya hau bene yana haki. "Ranka ya daɗe, alkawarin nan ne ya zo."

Darakta ya juyo masa da fuskar kwamfuta. "Wallahi ko ɗan cikina ne, ba ni da inda zan taɓa. Dā ne ake jan layi da biro a rubuta 'a duba'. Wannan abar ba ta san gaisuwa ba."

"In aka gyara takardar fa?"

"Duk shaidar karatunta haka take. Kuma Juma'a ake rufewa."

Ya sauko yana dafa bango. Auta na zaune a benci, fayil a cinya. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ba komai, Baba, rabo ne," ta ce. Da faɗa ta yi masa, da ya fi masa sauƙi. Ya kasa haɗa ido da ita.

Ta miƙe, ta karɓi jakarsa ta riƙe masa. "Ai za su sake buɗewa baɗi, ko?"

Ya ce, "In Allah ya so." Ya san baɗi takardar talatin da biyu za ta nuna.