Katunan da Aka Shanya Tare da Kifi

A makarantarmu duk abin da ya suɓuce daga hannu ya zama na teku. Azuzuwan a kan turaku suke a bisa ruwa, kuma tsakanin katako da katako akwai tazarar da alli ke bi ya wuce. Shi ya sa yaran ƙauyen ke ɗaure alƙalumansu da zaren kamun kifi su rataya a wuya. Ni da aka turo daga tsibirin Jawa, shekara biyu ina kallon haka, ban taɓa ɗaure komai nawa ba.

Turanci nake koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma jarin aikina akwatin kwali ne guda mai katuna ɗari da ashirin: jajaye na ɗafa-goshi, farare na saiwar kalma, koraye na ɗafa-ƙeya. Mijina, Mas Hartoyo, Allah ya jiƙansa, shi ya rubuta su da tawada shekara guda kafin rasuwarsa. Bai taɓa rubuto mini wasiƙa ba, domin ba mu taɓa rabuwa ba, saboda haka katunan nan su kaɗai ne rubutun hannunsa da ya rage mini. Bayan sallar la'asar, idan ƙauyen ya ɗauki hira da harshen da har yanzu ban iya ba, nakan jera su a tabarma in zauna ina duban yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafi.

Ranar wata Laraba na fito da ɗalibai uku gaban allo. Jumriah ta riƙe farin kati mai kind, Darmin ya riƙe ja mai un, Hasna ta riƙe kore mai ness.

"Darmin, idan ka tsaya a gaban Jumriah, me ya faru da kirkin?" na tambaya.

"Ya tafi, Bu," in ji shi. Haka suke kiran malama a nan.

"Dama duk inda ya tsaya kirki guduwa yake yi," in ji Jumriah.

"Ke fa? Ba don Hasna na bayanki ba, wa ya san da ke?" Darmin ya rama.

Ajin ya kwashe da dariya, ni ma na murmusa. A daidai lokacin iskar yamma ta banko taga, ta ture akwatin daga kan tebur. Katunan suka watse a ƙasa, suka riƙa silalewa ta tsakanin katakai ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye da alli a hannu.

Kafin in buɗe baki rabin ajin ya faɗa ruwa da kayan makaranta. Suka tsamo abin da ya tsamu, suka tara a cikin kwando. Tawadar ta ɗan bazu, amma ana iya karanta kowane harafi.

"Bu, ki bar mana su," in ji Jumriah, ruwa na ɗiga daga hijabinta. "Kakata ta san maganin duk abin da ya sha gishiri."

Ya kamata in ce a'a. Amma na gyaɗa kai kawai.

Washegari da hantsi na bi gadar katako zuwa gidan kakar, Mbo Halija. A kan ragar da take shanya kifi na same su, a jere sahu-sahu, kowanne an danne shi da ɗan dutse don kada iska ta sake ɗauka. Jajayen sun koɗe, korayen sun yi fari-fari. Babu harafi ko ɗaya a kansu.

"Kin gan su tas, ko, 'yata?" in ji tsohuwar, tana tauna ganyen da suke ci kamar goro. "Gishiri cin takarda yake yi kamar yadda yake cin ƙusa. Sau uku na ɗauraye su, kuma da ruwan shanmu, ba na wanki ba. Yaran nan sun ce na maigidanki ne."

Na dubi jarkar da ke bakin ƙofa. Ruwan da ake ɗaukowa daga tudu ne, tafiyar awa guda a kwale-kwale, kuma saura kaɗan a gindinta.

"Na gode, Mbo. Allah ya saka da alheri."

"To me ya sa idonki ya yi ja? Ko hayaƙin kifina ne?"

"Shi ne, Mbo."

Na kwashe su, tamanin da bakwai, suna ƙamshin rana da ƙarnin kifi. A ɗakina na yi sallar azahar, na daɗe a kan sallaya ina yi masa addu'a. Sannan na ɗauki alƙalami da katin farko, na yi ƙoƙarin lanƙwasa wutsiyar harafin yadda yake yi. Ba ta yi kama da tasa ba. Ta biyu ma haka. A kati na uku na daina gwadawa, na rubuta da hannuna yadda ya saba.

Da safe na huda kowane kati a kusurwa da ƙusa, na kira Darmin.

"Akwai sauran zare a gidanku?"

"Bu ma za ta fara ɗaurewa?"

"Kawo mai ƙwari," na ce.