Ruwan Ɗumi Don Ƙafar Papa

Duk gidanmu babu wanda ya iya ruwa. Papa gida ya saya a garin Centurion, tafkin ninkaya ya biyo gidan. Amfaninsa ɗaya ne: in dangi suka zo daga ƙauye, sai Papa ya tsaya a bakinsa, hannu a aljihu, ya ce, "Kula da abin nan akwai wahala fa."

Ana cikin haka, a watan Yuni, lokacin da sanyi ke kamawa a ƙasarmu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Matar da ke koya masa motsa jiki a asibiti ta ce a samo ruwa mai ɗumi ya riƙa shiga, ruwa zai ɗauke masa nauyin jiki, ƙafar ta fi saurin tuna tafiya. Ta ce watannin farko su ne abin ji, in suka wuce to sai addu'a. Tafkin asibitin kuma layi ne, ba za a zo kanmu ba sai sanyi ya fita.

Mama ta gyara zama ta ce, "Ai muna da namu a gida." Yadda ta faɗa, ka ce kogi muka gada.

Namun kuwa, in ka tsoma yatsa sai ka ji shi har haƙori. Injin ɗumama ruwa na kanti mun je mun gaishe shi, mun ji kuɗinsa, mun dawo.

Sai yayana Oratile ya karɓi ragama. Tun da ya yi wani ɗan kwas ya ce a riƙa kiransa Ray, ya buga kati wai mai ba da shawara kan makamashi. Ni karatuna a tsakiya ya tsaya, abin da na sani a waya na tsinta, don haka muƙamina riƙe tsani.

Ya kira sunana. "Basetsana, kimiyya ce mai sauƙi," in ji shi. "Baƙin abu na shan rana."

Na kira shi da "yaya" a yarenmu, na ce, "To Abuti, ka shiga ka kwanta a ciki mana."

"Ba ki da kunya."

Muka shimfiɗa baƙaƙen ledojin shara a kan ruwan. Kafin la'asar iska ta kwashe rabi ta kai wa maƙwabcinmu Oom Fanie, sauran injin tace ruwa ya haɗiye, ya shaƙe.

Dabara ta biyu baƙin tiyo ne, dogo, a naɗe a kan rufin gida, ruwa ya hau ya sha rana ya sauko. Ray ya kalli bidiyon wani Ba'amurke har ya haddace. Mutumin ya ce a fuskanci kudu, Ray ya sa tabarau ya fuskanci kudu. Ni ma na riƙe tsani kawai, tunda ba a biyana in yi tunani.

Kwanaki muna auna ruwan, ko gezau. Rannan Oom Fanie ya leƙo ta katanga, ledarmu a hannunsa.

"Yaro, me kake sanyayawa a can?"

"Ɗumamawa nake yi, Oom. Fasahar Amurka ce."

"To ranar Amurkan za su aiko maka? Tamu ta arewa take bi. Dubi inda karenku yake kwance."

Muka duba. Kare na arewacin gida, ya baje ciki. Ray ya cire tabarau ya ce dama gwajin farko ne.

Muka mayar da tiyon arewa. Ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba, da tsakar rana ruwan da ke saukowa har da ɗan ɗumi. Amma cokalin shayi ne a cikin randa. Abin da rana ta tara, sanyin asuba ya kwashe. Ga ɗauke wuta, da ta tafi injin turo ruwa ya tsaya. Mun gwada naɗa bututun tagulla a cikin gangar gashin nama, muka ƙona gawayin da zai gasa sa guda. Unguwa ta cika da hayaƙi, maƙwabta biyu suka shigo da farantansu.

Duk wannan Papa na kallo ta taga a kan kekensa na marasa lafiya, bargo a cinya. Maganarsa ta yi nauyi, ba ya son yinta. Kullum in na shiga sai ya ɗaga gira, ni kuma in ce, "Saura kaɗan, Papa." Yuli ya ƙare, Agusta ya shigo, ƙafar na nan inda aka ajiye ta, har ta fara ramewa.

Mama ce ta gaji. Ta ce, "Mutum ɗaya zai shiga, ba jam'iyya ba." Muka cika buhuna da yashi muka tare wurin matakalar tafkin, muka rufa da leda, ya zama ɗan kwarmi iya gwiwa. Tiyon rufi ya zuba a nan, muka ƙara da ruwan zafi daga duk tukunyar da ke gidan. Ba abin da matar asibiti ta ce ba ne, ba wurin tafiya a ciki. Amma na sa hannu na ji ɗumi na gaske, irin na wankan jariri.

Muka turo Papa. Ray ya kama hammata ɗaya, Mama ɗaya, ni na naɗe masa wando na ɗaga ƙafar hagu na sa a ruwa a hankali. Nauyinta kamar ba ta mutum ba.

Ray ya kasa haƙuri. "Papa, ka ji? Ka ji ɗumin?"

Papa ya sunkuya yana kallon ƙafarsa a cikin ruwan. Ya daɗe.

"Ta shiga?" ya ce.

Ruwan sanyi na ta tsiyayowa ta tsakanin buhunan, ina jinsa a wuyan hannuna. Mama ta ce in je in ɗora wata tukunyar, na tashi na je.