Kwana Tara Kafin Majo Ya Dawo

Wata biyar ke nan da aka turo Ramlatu aikin jinya Zermu, ranar da yayanta Abdul'aziz ya kira ta a waya. Ya ce Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, an kwantar da ita asibiti a Zinder.

Tsakiyar damina ce, gero ya kai ƙugu, zazzaɓin sauro ya kwantar da rabin gari. Su biyu ne kawai a ɗan asibitin, ita da Suma'ila, shugabanta da kowa ke ce wa Majo. Shi kuwa an kira shi horo Mirriya, sai bayan kwana tara zai dawo.

Ta leƙa rumfa. Mata sun cika ta, kowace da goyo mai zafin jiki. Can bakin kasuwa ana lodin motar Zinder, har tana jin direba yana kiran mutane.

"Yaya, kara mata wayar a kunne," in ji ta.

Muryar Inna ta zo da nauyi, kamar harshen ya cika bakin. "Ramlatu, mutum nawa ne a gabanki?"

"Da yawa, Inna."

"Wa za ki bar wa su?"

Ramlatu ta sake duban matan da ke rumfa.

"To zauna. Ni ina da masu duba ni."

Gaskiya Ramlatu ba ta taɓa son aikin nan ba. Lakwal ɗin jinya ce makarantar da ta samu, ta shiga. Allura take yi da sauri, ta rubuta magani ba ta ko ɗaga kai, tana jiran ranar da za a mai da ita birni.

A cikin masu zuwa kullum akwai wata tsohuwa, Tani, mai gyambo a ƙwauri, wadda ke takowa daga ƙauye da sanda. Washegari da Ramlatu ta durƙusa za ta kwance mata bandeji, sai ta ga diddigen ya faffashe irin na Inna. Hannunta ya tsaya. Wa ke juya Inna a kan gado yanzu? Wa ya san ba ta shan kunu sai ya huce, ba ta son a yaye mata zane gaban mutane?

Ta jiƙa bandejin da ruwa har ya saki da kansa, ba ta fizge ba kamar da.

"Yau hannunki da sanyi, 'yata," in ji Tani. "Lafiya?"

"Innata ce kwance a Zinder, Iya."

Tsohuwar ta dafa kanta ta yi addu'a mai tsawo, har na bayanta suka fara amsa amin.

Haka kwanakin suka ja. Duk motar da ta tashi sai Ramlatu ta bi ta da ido har ta shige cikin gonaki, sannan ta kira na gaba.

Ranar da Majo ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya ce ta tafi.

Ta tarar da Inna a zaune an jingina ta da matashi, an yi mata sabon kitso, bayanta ba miki ko ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Wasila ce ke ba ta kunu da cokali. Ramlatu ta riƙe hannun Wasila tana godiya, hawaye suka hana ta ƙarasawa.

"Haba, ƙanwata," Wasila ta ce. "An gaya mini ke ma tamu ce. Karɓi cokalin, tun safe ke take tambaya."

Ramlatu ta zauna a gefen gadon ta karɓa. Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta shafa mata kunci.

"Kin rame," ta ce. "Ba sa ba ki abinci a Zermun?"