Turakun Shugaba Mudi

A zaɓen ƙungiyar manoma da makiyaya ta Ɗansoshiya, a shekarar 1992, Dikko ne farkon wanda ya tsaya a layin bayan Mudi. Makiyayi ne mai shanu ashirin da 'yar gonar dawa, kuma da ya tsaya sai sauran mutanen ruga suka bi shi. Da ƙuri'unsu Mudi ya zama shugaba.

Ba a yi kwana arba'in ba zuciyar Dikko ta fara rawa. Sabon shugaban ya sauya kwaɗon ɗakin ajiyar taki, ya kuma ɗauke taro daga gindin tsamiya ya mayar zaurensa, inda mutum goma ma da ƙyar suke shiga. Da Dikko ya kora shanu wata safiya ya tarar an kafa turaku a gefen burtalin da dabbobi ke bi zuwa rafi, sai ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Ranar kasuwar Kafin Maiyaki ya hango Mudi da wani baƙo mai farar mota suna cin tsire, kawunansu a haɗe. Da ya matso, suka yanke magana.

"Sayar da burtalin zai yi," in ji Dikko ga matarsa Balaraba da ya koma gida.

"Malam, ka ji da kunnenka?"

"Ban ji ba. Amma me ya sa suka yi shiru?"

"To ka je ka tambaye shi mana. Ai ba da kansa ya hau ba."

Kafin ya je, Dikko ya auna faɗin burtalin da ƙafarsa. Tun yana yaro ya san taku arba'in ne. Tsakanin turakun nan taku talatin ya samu, goman da suka ɓace kuwa duk ta wajen gonar Shitu suke, surukin Mudi.

Ya sami Mudi a zaure. Bayan sun gama gaisawa ya ce, "Shugaba, wane ne mai farar mota?"

"Mai awon fili ne, Malam Dikko. So nake a rubuta burtalin a takarda, kada gobe wani ya taɓa shi."

"Taku nawa za a rubuta?"

Mudi ya gyara zama. Ya ce Shitu ya shekara bakwai yana noma wurin, tun kafin a yi maganar zaɓe, kuma idan aka karɓe gaba ɗaya manoma za su ce Fulani yake yi wa aiki. Gara a tsare talatin ɗin da suka rage.

Maganar tana da kan gado, kuma wannan ne ya ƙara damun Dikko. Ya ce, "In haka ne, a faɗa a gaban kowa. A gindin tsamiya, ba a nan ba."

Mudi bai so ba, amma da labari ya zaga ruga da ƙauye, dole ya kira taro ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci. Malam Surajo na firamare ya karanta takardar awon da ƙarfi. Talatin aka rubuta. Shitu ya miƙe yana rantsuwa cewa gado ya ci, wani tsoho ya ce da shi ya zauna, domin shi tsohon ya yi kiwon tumaki a daidai wurin tun yana burtali. Aka yi ta ja har la'asar, sannan aka tsaya a kan za a mayar da burtalin taku talatin da biyar bayan girbi. Mudi da hannunsa ya tumɓuke turken farko, surukinsa ya juya ya tafi ba sallama.

Da taro ya watse, Mudi ya ja Dikko gefe ya ce yana so ya shiga kwamitin rabon taki.

"Girma ne aka ba ka," in ji Balaraba da ta ji.

"Ko kuma so yake bakina ya cika."

Kwana uku yana juya abin. A na huɗu ya aika wa Mudi cewa ya karɓa, da sharaɗin a sa kwaɗo na biyu a ɗakin takin, makullinsa kuma a hannun mutanen ruga. Sai da aka yi mako biyu Mudi ya aiko da amsa cewa ya yarda.