Ƙusar Sajan Murjanatu

"Inna, wagga ce 'yar sandan da Kaka ta ce tana satar galan?"

Ɗiyata ce ta yi wannan tambaya a gaban matar, da ƙarfi, a ƙofar ajin da muke karatu ranar Asabar. Na rasa inda zan sa fuskata. Sajan Murjanatu ta kafe babur ɗinta, ta tsuguna daidai tsawon yarinyar.

"Ni ce. Ki gaya ma Kaka ɓarauniyar tana gaishe ta."

Sajan 'yar Jega Firchin ce, tana aiki a ofishin 'yan sanda na Maiyama. Ranar hutunta take zuwa garinmu Liba ta koya wa mata karatu, ba wanda ya aiko ta. Ta gaya mana mafarin abin. Lokacin da take aiki a Aliero aka kira su wani gida, yara biyu sun mutu bayan sun sha fura. An zuba furar ne a galan ɗin maganin feshin albasa da aka wanke. Ta ce ta tsaya tsakar gidan da ankwa a ƙugu, ta rasa wanda za ta kama. Tun daga ranar take yawo da alli da wata doguwar ƙusa. Duk galan ɗin magani da ta samu, sai ta huda masa gindi.

Mata sun ji haushinta. Galan ɗin nan yana da ƙwari, murfinsa ba ya yoyo, kuma kyauta mazanmu ke kawo shi daga fadama.

A wannan Asabar, bayan mun gama haɗa baƙi, ta ɗaga wani galan ta nuna mana hoton ƙoƙon kai da ke jikin takardarsa. Ta ce toka da sabulu suna cire takarda da wari, amma robar ta riga ta sha maganin, abu mai zafi kuwa janyo shi yake yi. Sai ta lissafa alamu: ciwon kai, yawan miyau, amai, gumi ba dalili.

Mako uku ke nan ɗiyata tana dawowa daga makaranta da waɗannan duka.

To, 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta take ɗakin surukata, wadda nake kira Gwaggo, ita kuwa take ce mata Kaka. Ba na faɗin sunanta, ba na tambayar abin da ta ci, ko ta faɗi a gabana sai in kau da kai. Haka aka rene ni. Gwaggo kuwa kullum da safe tana zuba mata kunu mai zafi a wani farin ƙaramin galan na maganin feshi ta tafi da shi makarantar allo.

Da aka tashi na bi Sajan har wurin babur.

"Ranki ya daɗe, ki zo gidanmu ki amshe shi. Ke hukuma ce."

"Hauwa'u, uku na amsa a gidanku. Ina juya baya mijinki ya kawo wani." Ta buɗe jaka ta ciro ƙusar ta sa a tafin hannuna. "Ni Asabar kawai nike zuwa. Ke ce nan kullum da safe. Kuma gobe ki kai ta asibiti, kada ki jira."

"Ba ni iya magana kanta gaban Gwaggo."

"Na sani. Uwar yaran can na Aliero ma mai kunya ce ƙwarai."

Washegari da hantsi na iske Gwaggo a bakin murhu tana tsiyaya kunu a galan, yarinyar na zaune gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta dube ni ba. Na miƙa hannu na ɗauki galan ɗin, na juye kunun a ƙasa.

"Ke! Lafiyarki?"

"Gwaggo, ki gafarce ni. Aminatu ba ta ƙara shan komai a cikin wanga abu."

Sunan ya fita daga bakina kamar na wata baƙuwa. Yarinyar ma ta ɗago ta dube ni. Na kifa galan ɗin, na ɗora ƙusa, na buga da dutsen guga har sau uku.

"Ashe kin san sunanta," in ji Gwaggo. "'Yan sanda sun koya miki baƙi, sun kwashe miki kunya. Sau bakwai na wanke shi da toka! Ni zan kashe ƙawata?"

"Ba ke ba ce, Gwaggo. Robar ce."

Na shiga ɗaki na ɗauko fulas ɗin da aka sa mini a kayan aure, wanda ban taɓa buɗewa ba, na ajiye a gabanta. Sannan na goya Aminatu, duk da ta wuce goyo, na fita da ita ta tsakar gida kowa yana kallo. A asibiti malamin ya yi mata gwaji, ya ba ta magani, ya ce gara da muka zo yanzu.

Kwana tara Gwaggo ba ta amsa gaisuwata ba. Amma fulas ɗin take cikawa. Amai ya tsaya. A rana ta goma na fito na ga galan biyu a ƙofar ɗakina, waɗanda take ɓoye man gyaɗa da gishiri a ciki, an juye su.

"Ki kai ma ɓarauniyarku," in ji Gwaggo daga ɗakinta. "Ki ce ta rage gudu da babur, tana tsorata mini awaki."

Ban kai ba. Ni na huda su. Da na je mayar da ƙusa, Sajan ta ce in riƙe, tana da wata.

Ke da kike karanta wannan, tashi ki duba bayan randa da ƙarƙashin gado. In kin ga galan da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, kada ki shinshina ki ce ya wanku. Huda shi yau, ko na wane ne, kafin a zuba wa ɗanki kunun gobe.