Ranar da Baba Manu Ya Tare Mota

Mansura ta riga ta sa giya, tana shirin ɗaga ƙafa daga birki, sai matan da ke kujerar baya suka ɗauki salati gaba ɗaya.

"Tsaya, Malama! Akwai mutum a gabanki!"

Ta danne birkin da ƙarfi. Ta leƙa ta gilashi ba ta ga kowa ba. Sai da ta fito ta zagaya sannan ta gan shi: Baba Manu, maƙwabcinta, zaune dirshan a ƙasa ya jingina da gaban motar, yana haki. Daga gindin darbejiyar ƙofar gidansa har zuwa nan, ga sawun jan jikinsa a kan rairayin da ruwan jiya ya jiƙa.

"Innalillahi! Baba, me ya fito da kai? Da na taka ka fa?"

Wata takwas ke nan da hawan jini ya kayar da shi a garejinsa na bakin hanyar Gwaram. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta zama sai an kasa kunne. Shekara arba'in ya yi yana gyaran ƙafar mota a Birnin Kudu, wato sitiyari da duk ƙarfen da ke riƙe da taya. Yanzu kullum sai a fito da shi kan tabarma, masu wucewa su ɗaga murya su gaishe shi kamar kurma, su wuce tun bai gama amsawa ba. Mansura ma'aikaciyar jinya ce, ita ke auna masa jini kowace safiya kafin ta tafi aiki.

Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya nuna tayar gaba ta ɓangaren direba.

"Ta... ta..."

Matarsa, Inna Hafsatu, ta fito da sauri, mayafi a hannu. "Kwana uku ke nan yana wannan maganar," in ji ta. "Na zaci tabarma yake cewa, har sau biyu na canja masa."

Daga cikin motar, Hajiya, mahaifiyar Mansura, ta leƙo. Tun da asuba ta shirya, domin yau ne sunan jikanta a Gwaram. "A kama shi a mayar da shi inuwa, bawan Allah. Ciwon ne. Mu kuma rana tana yi mana."

Wasu magidanta biyu suka zo za su ɗaga shi. Baba Manu ya cusa hannu ya damƙi ƙarfen gaban motar, suka ja, suka ja, ya ƙi saki. Mansura ta durƙusa ta dubi idonsa. Ta sha ganin idon wanda ciwo ya ruɗa a asibiti. Wannan ba shi ba ne.

"Ku ƙyale shi," ta ce. "Baba, faɗa min a hankali. Ina ji."

Ya haɗiyi yawu, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ta... ya... rod."

"Tayarod? Ƙarfen da ke juya taya?"

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Ai an canja shi makon jiya, Baba. Yunusa da kansa ya sa min wani."

Ya girgiza kai. "Kira... shi."

Mansura ta dubi agogo, ta dubi motar. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ta tsufa a ƙasar wasu kafin ta zo hannunta. A ciki ga Hajiya, ga mata uku na dangi, ɗaya da jaririya a cinya, ga kulolin abinci cike da but. Ta ciro wayarta.

"Yanzu saboda Allah sunan za mu rasa?" in ji Hajiya.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ku fito ku sha iska."

Yunusa ya iso a kan babur, fuskarsa ba walwala. Magidanci ne mai furfura a gemu, a hannun Baba Manu ya koyi aiki, shi ne kuma ya gaji garejin. Ya rusuna ya gaishe da maigidansa, sannan ya juyo wajen Mansura ya rage murya.

"Malama, ke da kike asibiti ai kin san halin da yake ciki. Da hannuna na ɗaura ƙarfen nan. Ɗan Beljiyam ne, gwanjon ƙasar waje, daga Kano aka kawo min."

"Na sani. Amma ka duba, don hankalinsa ya kwanta."

Ya sa jak ya ɗaga motar. Kafin nan mutanen layi sun fara taruwa. Ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga. Ba ta motsa ba.

"Kun gani ko? Garau take."

Baba Manu ya bugi ƙasa da tafin hannu. Ya miƙa hannun ya yi nuni gefe da gefe.

Yunusa ya yi ajiyar zuciya, ya kama tayar hagu da dama ya jijjiga. Ta ɗan yi wasa, kaɗan, abin da Mansura ba za ta lura da shi ba.

"Wannan ba komai ba ne, Baba. Tsohuwar mota ai ba ta rasa wannan."

"Ka... rya... kan."

Mansura ce ta fassara. "Ya ce a karya kan motar."

Ta shiga ta murza sitiyarin har ƙarshe zuwa hagu. Baba Manu ya ja jikinsa ya matso, ya sa Yunusa ya yaye robar da ta rufe gaɓar ƙarfen, sannan ya nuna guduma, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Sau ɗaya, ya ce."

Yunusa ya daka sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Sai ga kan ƙarfen ya fice daga gurbinsa, ƙwal, ya faɗo ƙasa. Tayar ta juya ita kaɗai ta kalli bango. Mansura, da ke riƙe da sitiyarin, ta ji ya saki a hannunta kamar faifai.

Yunusa ya sa yatsa cikin gurbin ya zaƙulo wani baƙin abu. Guntun robar tiyub ce aka cusa aka shafe da giris, don mataccen ƙarfe ya yi tauri a hannun mai saye. Ya daɗe yana kallon ta a tafinsa.

Hajiya ta zauna a kan dakali ba ta sani ba. Mai jaririyar ta rungume 'yarta ta fashe da kuka. Mansura ta fito, hanyar Gwaram tana zuwa mata a ido: kwanar nan mai kwalbati, da manyan motocin hatsi da ke taho da gudu.

Yunusa ya cire hularsa ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, ban buɗe na duba ba. Ka sha faɗa min kada in yarda da ƙarfe sai na ga cikinsa. Ka yafe min. Malama, ki yafe min."

"Amma ta yaya ya sani?" wani ya tambaya daga baya.

Baba Manu ya taɓa kunnensa. Sannan ya nuna inda Mansura ke karya kwana kowace safiya, daidai gaban tabarmarsa, ya kaɗa harshe: ƙas, ƙas.

Daga nan sai ya fara dariya. Dariya ce ta rabin baki, yawu na zuba, kafaɗa ɗaya na girgiza, amma wata takwas rabon da a ji ta. Inna Hafsatu ta rufe baki da mayafi, sai kuma ta sake shi ta rangaɗa guɗa. Matan dangi suka amsa mata. Magidantan nan biyu da suka so ɗauke shi suka zo suna riƙe hannunsa, suna "Allah ya ƙara girma, Baba."

Sau uku Yunusa yana zuwa kasuwa a babur. Duk ƙarfen da ya kawo sai Baba Manu ya ɗora a cinya, ya danne da gwiwar hannu, ya murɗa kansa da yatsu. Na farko ya jefar. Na biyu ya mayar masa. Na uku ya juya, ya juya, ya kai kunne, sannan ya ce, "Sa." Da aka gama ɗaurawa ya sa aka duba ɗaya ɓangaren ma. Azahar ta yi kafin a sauke jak.

Mansura tana mayar da kuloli, Baba Manu ya kama gefen hijabinta.

"Sa... ra."

"Garin Sara yake nufi, a kan hanyarku. Ƙanwarsa Zulaiha ke aure a can," in ji Inna Hafsatu. "Tun da ya kwanta bai gan ta ba, ita ma ƙafa ta hana ta tafiya."

Mansura ta tuna yadda jininsa ya hau da ta auna shi da safe. Hajiya ce ta yanke maganar.

"Ni zan koma baya. A sa shi a gaba."

Damina ta yi kyau a shekarar. Gero ya fi tsayin mutum, shanu na kiwo a gefen duwatsu. Baba Manu ya sa aka sauke masa gilashi, iska na kaɗa gemunsa. Da suka doshi kwanar mai kwalbati, wata babbar mota ta taho ta cinye rabin hanyarsu. Mansura ta kauce, motar ta bi hannunta lafiya, ta dawo kan kwalta. Hajiya tana ta jan carbi. Can sai Baba Manu ya miƙo hannun hagu ya ɗora yatsu biyu a ƙasan sitiyarin. Ya bar su nan har tsawon wata gona.

"Ta... miƙe," ya ce, ya janye hannunsa.

A Sara suka bar shi da ƙanwarsa, tsofaffi biyu a kan tabarma ɗaya suna kuka suna dariya. A Gwaram kuwa an daɗe da raɗa suna, amma Hajiya ba ta bar kowa ya zauna ba sai da ya ji labari. Da yamma suka biyo suka ɗauke shi.

Kafin kwana biyu maganar ta kai tasha. Direbobin Gwaram da na Kwandiko suka fara shigowa layin da tsofaffin motocinsu. Kowa sai ya karya kwana a hankali gaban darbejiya, ya fito ya tsuguna yana jiran hukunci. In Baba Manu ya ɗaga hannu, a wuce. In ya kaɗa harshe, Yunusa ya sa jak. Wani direba da ya yi gardama, fasinjojinsa ne suka sauka suka ce ba za su koma ciki ba. Inna Hafsatu ta ciro masa babbar rigarsa ta Juma'a, ta ce mutumin da ake zuwa gani ba ya zama da singileti.

Mansura ta yi masa faɗa. "Baba, jininka yana hawa. Hutu ya kamace ka."

Ya dube ta da ido ɗaya a kanne. "Na... huta. Wata... takwas."

Daga ranar ta ƙara masa awo da yamma.

Kwana goma sha ɗaya aka yi haka. Ranar Alhamis da hantsi, Mansura tana shanya, ta ji muryar Inna Hafsatu ta kan katanga, ba da ƙarfi ba.

"Malama, ko za ki leƙo?"

Ta same shi a zaure. Ya gama sauraron wata mota, ya ce a shigo da shi ya ɗan kwanta. Numfashinsa ya canja. Ta kama hannunsa, ta ji jijiyar tana bugawa tana tsayawa. Yunusa ya ce bari ya kawo mota a tafi asibiti. Baba Manu ya matse yatsun Mansura, ya girgiza kai kaɗan.

Inna Hafsatu ta tallafi kansa ta fara laƙƙana masa kalmar shahada. Ya bi ta, kalma bayan kalma, a hankali, kuma babu wadda ta maƙale masa. Da ya kai ƙarshe sai hannun ya saki. Mansura ta jira, ta sake jira, sannan ta shafa idanunsa.

"Inna, sai haƙuri."

"Alhamdulillahi," in ji tsohuwar, hawaye na bin kumatunta. "Kin ji yadda ya faɗe ta, ko? Tas."

Bayan la'asar aka yi jana'iza. Mansura tana cikin gida tare da mata, amma har nan take jin ƙarar ƙofofin motoci. Da ta leƙa ta ga layin ya cika har bakin kwalta: motocin haya masu fashen gilashi, a-kori-kura, motocin itace. Wasu direbobin da fasinjojinsu suka zo, fasinjojin ma suka yi alwala suka shiga sahu. An ce rabon tashar Gwaram da ta yi shiru haka an manta.

Washegari da sassafe Mansura ta fito za ta shiga gidan makoki da kwanon koko. An ɗan yi yayyafi. Sawun tayoyi ya cika layin, wani kan wani, ga ɗigon baƙin mai nan da can. Inna Hafsatu ta riga kowa fitowa da tsintsiya. Ta share bakin zaure, ta share gefen katanga, sannan ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon sauran wurin.

"Kawo in taya ki, Inna."

"A'a, bar sawun nan tukuna," in ji ta. Ta jingina tsintsiyar da bango, ta karɓi kwanon, suka shiga ciki.