Makirfon Yaya Ba Ya Ɗauka

Madubi ne ya jawo wa Auta. Matar Yaya ta ga ɗakin baya yana da sauran wuri, ta sa aka turo tsohuwar durowarta mai madubi aka jingine ta a bayan kujerarsa, daidai inda fuskar kwamfuta ke kallo. Auta ya taimaka wajen turawar da hannunsa, bai kawo komai a ransa ba.

A ɗakin nan shi da yayansa suke ɗaukar waƙoƙinsu. Yaya direban babbar mota ne, kuma shi ya sayi komai: kwamfutar, makirfo biyu, da ɗan akwatin sauti mai rami biyu da ake soka wayoyin makirfon a ciki. Auta ke da muryar, shi kuma ya iya manhajar ɗaukar sauti. Sharaɗi ɗaya Yaya ya gindaya tun ranar da aka kwance kwalaye: kowace waƙa shi ne zai yi amshi. Sai dai muryar Yaya, in ya buɗe ta da gaske, kamar ana jan teburin ƙarfe a kan siminti take.

Auta bai iya gaya masa ba. Yaya ba mutumin cacar baki ba ne, in ransa ya ɓaci kayansa yake kwashewa ya loda a mota, kuma abin da ya hau motar nan ba ya dawowa. Don haka Auta ya nemi dabara. A cikin manhajar, kowace murya da layin da ake ɗaukarta, kuma kowane layi ana zaɓa masa ramin da zai saurara, sai ya bar layin Yaya ba a zaɓa masa ko ɗaya ba. Yaya yana jin kansa a abin kunne, tunda daga akwatin sautin yake fitowa kai tsaye, ya rufe ido ya yi ta zuba amshi har da dafe ƙirji, kwamfuta kuwa ko tarinsa ba ta ɗauka. In ya yi tafiya, Auta ya rera amshin da kansa a wani layi da ya ɓoye, ya sa manhaja ta kaurara muryar, ya ɗan zuba mata kaushi. Yaya ya dawo ya saurara, ya yi ta gyaɗa kai, wani lokacin har idonsa ya kawo ruwa, yana cewa shi kansa bai san Allah ya yi masa wannan baiwa ba.

To ranar nan, ana tsakiyar amshi, sauro ya ciji Yaya a fatar ido. Ya buɗe idon, ya faɗa kan madubi, madubi ya nuna masa fuskar kwamfuta. Layin Auta ya yi tudu da kwari yana rawa. Nasa kuwa a miƙe sambal kamar sabon titi.

Ya cire abin kunne ya tambayi dalili. Auta ya fara da cewa madubi ai juya abu yake yi. Yaya ya zagayo ya duba da idonsa, layi na nan a miƙe. Sai Auta ya ce muryar ce ta yi nauyi, kwamfutar ba ta iya zana ta nan take, sai ta huce. Yaya ya ji daɗin bayanin, amma ya ce shi bai sayi kaya don su riƙa hucewa ba, ya ɗaga waya ya kira Injiniya, mai shagon gyaran lasifika a bakin layinsu.

Kafin Auta ya gama shanye ruwan da ya ɗebo, Injiniya ya yi sallama da jakarsa a kafaɗa. Dogo ne siriri, da sukuddireba a maƙale bayan kunne. Ya hura makirfon Yaya, ya ƙwanƙwasa shi da farce. Ya cire wayar ya sa tasa. Ya musanya ramukan, ya murɗa maɓallin ƙara sauti har ƙarshe, ya ce Yaya ya yi magana. Yaya ya yi gyaran murya, 'yar fitilar akwatin ta yi ja wur.

“Sauti yana isowa akwati, maigida,” in ji Injiniya. “Ɓarawon yana tsakanin akwati da kwamfuta.”

Auta ya ji kalmar ɓarawo har tafin ƙafarsa. Ya ce ko a bari sai gobe, tunda kwamfutar ta yi zafi. Ya ce ko Injiniya zai sha shayi. Da ya ga ba wanda ya kula shi, sai ya yi kamar zai gyara labule ya taka wayar wuta ta fita daga bango. Ya manta kwamfutar mai batir ce, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Injiniya ya dube shi ta gefen ido, ya jawo kujera ya zauna.

Bai daɗe ba ya buɗe saitin layin Yaya, ya ga gurbin zaɓen rami a wofi. Ya gangara ƙasa, ya ci karo da layin da aka ɓoye, ya sa abin kunne ya saurara shi kaɗai. Auta yana kallon gashin bakin mutumin yana motsi a hankali, irin motsin wanda dariya ta kama a wurin da bai kamata ba.

Injiniya ya zaɓa wa layin raminsa, ya ce an gyara, maigida ya gwada. Yaya ya gyara tsayuwa, kiɗa ya tashi, ya saki amshi da dukkan ƙarfinsa. A karon farko layinsa ya yi tsalle, ya cika fuskar kwamfuta da ƙayoyi. Ya yi murmushi, ya ce a sa a lasifika kowa ya ji.

Aka sa. Abin da ya fito ya sa gilashin taga karkarwa. Matar Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambaya ko injin ruwa ne ya sake lalacewa, ta ga fuskar mijinta, ta koma da baya ba tare da ta jira amsa ba.

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Auta ya fara yi wa kwamfutar kallon bankwana. Can Yaya ya zaro wayarsa, ya kunna tsohuwar waƙarsu, amshin nan mai kauri da daɗi ya cika ɗakin. Ya ɗaga wayar har kusa da hancin Injiniya.

“Ka ji wannan? Wannan ce muryata. Duk tashar mota an san ta. Na kira ka gyaran layi, ka ɓata mini akwati, ka mayar da ni jaki. Me ka taɓa?”

Injiniya ya buɗe baki, ya dubi Auta. Auta ya haɗa tafin hannuwansa a bayan Yaya, yana roƙo da ido, da gira, da duk abin da ke motsi a fuskarsa. Injiniya ya ciro sukuddirebansa a hankali da gangan, ya sosa ƙeya da shi. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Bai lura ba ashe ƙanin maigida saiti na musamman ya yi, irin wanda ake yi wa manyan muryoyi, inda sautin ke bi ta ƙarƙashi ba ya nunawa a sama. Ya ce a shekarunsa na sana'a bai taɓa ganin wanda ya iya shi kamar wannan yaron ba, kuma kada a bar kowa ya ƙara taɓa shi.

Ya mayar da gurbin wofi yadda ya same shi. Yaya ya huce, ya dafa kafaɗar Auta, ya ce daga yau ko ƙuda bai yarda ya sauka a kwamfutar nan ba sai da izinin ƙaninsa. Ya ce wa Auta ya raka baƙo.

A bakin ƙofar gida Auta ya kama hannun Injiniya da hannu biyu yana zuba godiya. Injiniya ya ce ba komai, ai ɗan'uwa ake rufa wa asiri. Ya gyara jakarsa, ya waiga hagu da dama, ya ce shi ma dama yana da 'yan waƙoƙi da ya daɗe yana ajiya, bai samu mai hannu ba ne. Bai jira a tambaye shi ba ya rera baiti ɗaya a nan bakin titi. Wani mai keke da ke wucewa ya taka birki ya duba tayarsa.

“Ranar da maigida ya yi tafiya zan zo,” in ji Injiniya. “Amma ni kada ka kaurara tawa, ƙanina. Siririya nake so, mai zaƙi, irin ta samari.”